Fankar da Baffa ya kawo daga Kano

Mako guda da fitar Inna daga takaba, ƙanin mahaifina ya sauka gidanmu a unguwar Kabalaye. Daga Kano ya taso, kuma ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba. Tafiya zai yi da ita, wai mace ba ta zaman ƙasar wasu babu miji. Ƙasar wasu fa. Mahaifina ne ya zo fataucin shanu ya zauna, amma ita Inna a unguwar nan aka yanke mata cibiya.

Na tsani maganar, ban kuma ɓoye ba. Inna kuwa ta yi gum, ko uffan ba ta ce ba. Shirun nan ya fi surutun Baffa ba ni tsoro, domin na san ta da kunyar dangin miji.

Tsarabarsa fanka ce, doguwa, sabuwa dal.

"Ki sha iska kafin mu tafi, Yaya," ya ce mata. "Ranar tafiya sai mu mayar da ita kwalinta."

Ya durƙusa zai jona, abu ya ƙi. Filogin Najeriya ƙafa uku gare shi masu faɗi, soket ɗinmu kuwa, da muke ce wa firiz, rami biyu ne zagayayyu. Ya juya, ya danna, ya haɗa gumi.

"Kun gani ko? Garin da ko fanka ba ta zauna ba, ina mutum zai zauna?"

"Baffa, bangon nan ya girmi fankarka," na ce. Ya harare ni, ban sauke ido ba.

Mu a nan, in kayan wuta suka zo daga ƙetare, yanke filogin muke yi mu sa namu, a wuce wurin. Baffa ya ce atafau, ba mai taɓa masa waya, ai Kano za ta koma. Na taka har unguwar Klémat cikin rana na samo adafta. Filogin ya yi mata nauyi, fanka ta juya sau biyu, filogi da adafta suka zube ƙasa. Kwana uku muna fifita da maficin kaba, fanka na tsaye tana kallonmu, ni kuma ina cika ina batsewa.

Rana ta huɗu bayan la'asar, Baffa na lissafa wa Inna motocin da za su shiga da inda za su kwana. Ta tashi ta shiga madafa, ta fito da wuƙa. Ta ɗora wayar fankar a bakin turmi, ta datse filogin, ta ajiye masa a gefen tabarma.

Ta miƙo mini wayar.

"Sa mata irin namu," ta ce. Sannan ta dubi Baffa. "Alhaji, na gode da fanka. In ka isa, ka gaida mutanen gida."