Dodon Teku da Tsohuwar Ɗakin Ƙarshe

Har yau, idan jirgin ruwa ya yi kukansa daga tashar Treichville, kukan nan mai kauri da ƙirji ke ji kafin kunne, sai in tuna da Kaka da finafinanta na dodanni. Kada ka yi dariya. Tsohuwa ce mai carbi, ta baro Nijar tun kafin a haifi Baba, amma ba abin da take so kamar ta ga ƙaton dodo ya ɓullo daga teku yana tattake benaye kamar kwalin ashana. Kawuna mai sayar da rediyo a unguwar Roxy shi ke kawo mata kaset ɗin ranar Lahadi. Ba ta jin Faransanci sosai, ba ta kuma damu ba. Sai ta miƙe ƙafa a tabarma tana yi wa mutanen cikin tele tsawa: "Ku gudu mana, bayin Allah!"

Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne wasan mayu da bokaye da matan gidanmu ke taruwa su kalla bayan la'asar. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Da an fara kiɗan wasan sai ta kira ni ɗaki. Na taɓa tambayarta dalili, tunda a ganina dodo ya fi maye ban tsoro. Ta ce, "Dodo kowa na ganinsa, sai a kama hannun juna a gudu. Wancan kuwa, in an gama kallo, fuskar maƙwabci ake dubawa."

A ɗakin ƙarshe akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Baule da muke kira Tanti. Mijinta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ya rasu, ba su haihu ba. Tana sayar da aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a ƙofar gida, kuma ba yaron gidan da bai ci kan kifinta kyauta ba.

Wata damina ƙanena ya kwanta. Jikinsa kamar garwashi, idanu suna juyawa, yana surutai. A makon nan kuwa, a wasan tele, an nuna wata tsohuwa mai ba yara abinci tana kama kurwarsu. Ban san bakin da ya fara faɗa ba. Na dai ji ana raɗa a famfo cewa an ga yaron da kifin Tanti jiya, kuma cikin surutansa ya ambace ta.

Ruwa ya ɗauke da yamma, tsakar gida duk taɓo. Baba yana shago a unguwar Adjamé. Kafin ka ce me, gida ya cika da mutanen da ban taɓa gani ba. Samarin layi sun shigo, ɗaya riƙe da katako, wani yana jujjuya dutse a hannu. Ana ta ihu da yaren Jula da Faransanci wai ta fito ta saki yaron. Inna tana kuka, ta rungume ƙanena, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tanti na tsaye a bayan labulenta. Ina hango yatsun ƙafarta ta ƙarƙashinsa.

Sai Kaka ta tashi. Ciwon gwiwa gare ta, tashinta aiki ne. Ta damƙi wuyan hannuna, ta ja ni muka ratsa taron a hankali, ba ta kalli kowa ba. Ta zauna daɓas a bakin ƙofar Tanti, ta zaunar da ni gefenta.

"Tanti, yunwa muke ji. Akwai saura?"

Hannu ya fito daga labule da kwanon aceke da kifi. Kaka ta yi bismilla ta ci. Sannan ta ɓare tsokar kifi ta kawo bakina. Inna ta ƙwala mini kira. Gaskiya zan faɗa maka, na ji tsoro, don duk da hanin Kaka ina leƙen wasan ta taga. Na dubi idon Kaka, na buɗe baki, na haɗiye.

Ta juya ga mai katakon. "Ɗana, tunda ƙarfi gare ka, ruga titi ka tsayar mana da taksi." Ya yi turus, ya duba hagu da dama, ya jingine katakon a bango ya fita. Ta ce da Inna, "Ke kuma goya yaron nan."

A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, saura kaɗan ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙanena ya warke. Sai dai aceken Tanti ya daina ƙarewa. Mu kaɗai muka ci gaba da saye. Kafin damina ta wuce ta tattara kayanta ta koma ƙauyensu. Kaka ce ta taya ta ɗaure ƙunshi.

Yanzu ina da shagon atamfa kusa da Adjamé Mairie, Kaka ta daɗe a kushewa. Yarana sun fi jin Faransanci da Hausa, kowa da wayarsa. In dodo ne ina zama mu kalla tare, ko da na san ƙirar na'ura ce. Wasannin mayu kuwa, na yarda sun fi na da kyau da iya tsara labari, amma ba na iya kai su ƙarshe.

Kwanan baya 'yata ta miƙo mini waya. Bidiyo ne na wata tsohuwa zaune a ƙasa a wata unguwa, taro ya kewaye ta, kuma wannan ba wasa ba ne. Ta tambaye ni ko da gaske mayya ce. Na ƙura wa taron ido, ina bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ina jiran wanda zai ratso ya zauna kusa da ita. Hoton ya yanke ba wanda ya motsa.