Muryar Baba a Cikin Filash

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, na tuna da wani bidiyonsa da na ɗauka a gonarmu ta Maska lokacin cirar auduga. Wayar da na ɗauka da ita ta daɗe da mutuwa, kwafi ɗaya ne ya rage a filash. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta ce, "Muryar kawai nake so in ji."

Ina soka filash ɗin a kwamfutata, sai komai ya ƙame. Na zare, na hura masa iska, na goga a riga, na mayar. Shiru kake ji. Ni da nake ji da kaina a harkar kwamfuta, nan take na yanke hukunci cewa bairos ne, wato cutar kwamfuta, sai an goge filash. Gogewa kuwa na nufin muryar ta tafi ke nan.

Na kwashi kwamfutar da tarkacenta, na hau mashin sai Funtua, wurin abokina mai gyara. Ya ce in haɗa ta yadda take a gida. Da na gama, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan kwamfuta ce ko shagon caji?"

Da gaskiyarsa. A gidanmu da an ɗauke wuta ita ke ciyar da kowa: wayoyi, tocila, har 'yar fanka, duk ta wani ɗan soket mai baki da yawa.

Ya ce, "Duk abin da ka soka mata, sallama yake yi, ita kuma ta bar aikinta ta amsa. Cikin waɗannan akwai mai sallama ba ƙaƙƙautawa, shi ya hana ta jin filash ɗinka. Kada ka goge komai."

Ya riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya. Yana cire igiyar cajin tocilar mahaifiyata, wadda ta tsinke aka ɗaure da leda, sai kwamfutar ta farfaɗo, filash ya buɗe.

Bayan la'asar, da na koma gida, na kunna wa mahaifiyata. Sai ga muryar Baba: "Kai, ajiye wayar nan ka zo ka kama buhu!"

Ta yi ta dariya har da hawaye. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Tun daga ranar, in abu ya cije min ba na saurin cewa ya mutu, sai na duba abin da ya tare masa hanya. Ita kuwa har yau, in kewa ta taso mata, sai ta ce, "Zo ka kunna min faɗan nan."