Baba Sabitu da Gasar Damina

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 22 ga Yuli, 2025, ina tsakiyar duba takardun jarrabawar ɗalibaina a Yelwa aka kira ni a waya aka ce Alhaji Sabitu Umar ya rasu, bayan gajeriyar rashin lafiya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Da yamma aka yi ruwa mai yawa, na zauna ina kallonsa ta taga ina kuka.

Baba Sabitu, mutanen Kasuwar Muda Lawal sun san ka da hatsi da kyakkyawan awo. Mu kuwa a kulob ɗin golf muka san ka, kuma gaskiya ba gwani ba ne kai. Ƙwallonka ya fi son ciyawa da gindin darbejiya a kan rami. In ka buga ya kauce, sai ka bi shi da kallo ka ce, "Ya tafi gaishe da dangi." Amma ban taɓa ganin ka bar rairayin bakin rami ba tare da ka share sawunka ba, don na bayanka su tarar da shi sumul.

Kai ka fara ba ni sanda. Na raka wata ƙawata ce, ka ga ina tsaye ka ce, "Malama Paulina, kallo ba ya sa ƙwallo a rami, karɓi." Tun daga ranar wasan ya shiga raina.

Sai dai na daɗe ina wasa ba ni da handikaf, wato lambar rangwamen bugu da kulob ke ba ɗan wasa gwargwadon iyawarsa, wadda in babu ita ba a karɓarsa a gasar wani gari. Ana samun ta ne daga sakamakon gasannin Asabar, ni kuma Asabar ɗina na 'yan ajin ƙarshe ne, sai in an yi dogon hutu. Dogon hutu kuwa a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da al'adar kulob ta ce a dakatar da lissafi sai kaka. Duk sa'ad da mata suka tafi gasa Jos, ni ce mai riƙe musu lema. Abin yana ci mini rai, kai kaɗai ka lura.

Ka ɗauki maganar ka kai kwamiti, ka yi ta kai ta shekara da shekaru. Babban mai ja da kai shi ne amininka, Injiniya Bashir. Hujjarsa ba ta banza ba ce: a damina ciyawa ta yi tsawo, rairayi ya jiƙe, ƙwallo ba ya gudu, sakamakon kowa ya lalace, lambarsa ta hau, in rani ya zo ya kwashe kofuna da rangwamen da bai cancanta ba. Kai kuma ka ce a watan Maris ƙasa tana bushewa kamar daɓe, ƙwallon raggo ma ya yi ta gudu, kuma ba wanda ya taɓa cewa a soke lissafin rani. Ka ce wanda damina ce kaɗai lokacinsa, shi ma ɗan kulob ne. Ku yi ta musu har shayi ya huce, sannan ku tafi gida a mota ɗaya.

A bana suka amince a gwada lissafa gasar damina, amma Injiniya bai ɗaga hannu ba. Doka ta ce sai wani mai lamba ya bi ɗan wasa rami-rami ya shaida bugunsa. Ka ce mini, "Asabar ta farkon Agusta ni ne shaidarki, ko da ruwa zai kai gwiwa." Ba ka kai ba, Baba.

Ranar na je ne kawai don kada a ce ba wanda ya zo. Ana yayyafi, filin shiru, ba ni da mai shaida. Har na juya zan nemi keke, sai ga Injiniya Bashir da takalmin roba, riƙe da tsohuwar lemarka da ya karɓo wajen matarka, Hajiya Ni'ima. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Malama, har gobe ban yarda da Sabitu ba. Amma ya yi miki alkawari. Ɗauki sandarki."

Muka zagaye filin a jiƙe, bai rage mini bugu ko ɗaya ba, kuma a kowane rami shi ya sunkuya ya share rairayin.

Allah Ya jiƙanka, Baba Sabitu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ka huta. Hajiya Ni'ima, da Yagana da Ummi da sauran 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Injiniya, kai ma Allah Ya ba ka haƙuri, ka rasa abokin musu. In Allah Ya kai mu kaka zan je Jos, Baba, kuma wannan karon da sanda a hannuna.

Paulina Zakka, Yelwa, Bauchi