Tsuntsun da Ya San Sunana

Ranar wata Juma'a ce, cikin daminar shekarar da na cika tara. Baba ya tafi Masallacin Huaisheng tun hantsi, ni kuwa ina zaune a tsakar ɗaki ina ninke wandunan yara da ya kwaso samfurinsu daga kasuwar Guangyuan, Umma tana kicin tana yanka albasa. Sai muka ji muryar mace daga waje, tar da ita: "Habiba, zo ki ci abinci." Na buɗe baki zan amsa ke nan sai na ji tafin hannun Umma a bakina, da warin albasarsa da komai. Ta leƙa taga, ta buɗe ƙofa ta duba bene sama da ƙasa, ba kowa. A hawa na huɗu muke, babu mai tsayawa a bakin tagarmu sai in fiffike gare shi. Ta dawo ta riƙe ni da ƙarfi tana karanta Ayatul Kursiyyu, sannan ta faɗa mini maganar da na daɗe ina ji a bakinta ban ɗauke ta da muhimmanci ba: "Ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba."

Ni ce auta, kuma ni kaɗai aka taho da ita Guangzhou, yayyena suna Kano suna makaranta. Gidan da muke haya dogon bene ne mai hawa bakwai, kowace taga da kejin ƙarfe a jikinta da sandar gora ta shanya. Ɗakinmu rabinsa kwalaye ne. Aikina shi ne ninke samfur, da riƙe wa Baba bakin salatif in yana ɗaure kaya, da miƙa wa Umma wanki tana zura shi a gora. In na gama na biya allona sai in sauka tsakar gidan, inda 'ya'yan Sinawa suke buga wata 'yar ƙwallo mai gashin kaza da gefen ƙafa, ni kuma na koya musu 'yar carafke da murafun kwalba. Ba ma jin yaren juna sosai, amma kowa ya iya cewa "meyo", wato babu, in an nemi ya ba da abin da ke hannunsa. Nakan shagala a can har rana ta take, sai Umma ta leƙo ta taga ta ƙwala mini kira, kullum a lokaci guda, kullum da kalmomi guda.

A samanmu, hawa na biyar, akwai Mma Hawa, wata dattijuwa daga zangon Kumasi da ke tura wa 'yan kasuwar Ghana kayansu ta jirgin ruwa. Ita kaɗai take zaune, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna gida. Tana da ido ɗaya da ya yi fari, da dariyar da ake ji har ƙasa. Hausarta irin ta can ce, wadda ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinta. In ta dafa shinkafa da wake irin tasu mai ja sai ta buga mana silin da sandar shara, in na hau ta ce, "Habiba, zo ka ci." Da farko nakan yi ta gyara mata ina cewa ni mace ce, ta ce to ta ji, gobe ta maimaita. Ita ta koya mini kitso a kan 'yar tsana, kuma a ɗakinta nake ɓuya in na yi laifi. Ina sonta ƙwarai, ba ni da kaka a kusa sai ita.

Kiran nan bai tsaya a Juma'ar ba. Ya sake zuwa ranar Lahadi, ya zo Talata, kuma kullum da tsakar rana, lokacin da maza suke kasuwa. Umma ta hana ni sauka. Ta kasa kunne ta gane daga sama muryar take saukowa, daidai tagar Mma Hawa. Ta hau ta tambaye ta ko ita ke kirana, Mma ta ce ita ba ta kira kowa ba, ranar Talata ma tana Tianhe wurin takardun kaya. Wannan amsar ce ta ƙara lalata al'amarin, don a lissafin Umma wadda za ta iya kiran mutum alhali ba ta gida ba kiran Allah da Annabi take yi ba. Daga nan komai na Mma ya zama abin dubawa: farin idonta, zamanta ita kaɗai, yawan ba ni abinci, har shafa kaina da take yi. Abin da jiya ake kira kirki yau ya koma alama. Matan Kano biyu da suke zuwa wurin Umma suka ƙara wa wutar fetur, ɗaya ta ce ita dama tun ranar da ta fara ganinta jikinta bai ba ta ba. Ba wanda ya furta kalmar a gabana, amma ina jin su ta bayan labule, kuma na san me ake nufi da kama kurwa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni, irin wanda yake kama yara a garin in zafi da laima suka haɗu. Baba ya kai ni asibiti aka ba ni magani, ya kuma ce wa Umma ta bar zancen nan, amma kwana uku jikina bai sauka ba, uwa kuwa in ɗanta yana kwance ba ta jin kira. A rana ta huɗu, bayan Baba ya fita, ta hau sama da matan nan biyu. Ina kwance a tabarma na ga an shigo da Mma Hawa, ba mayafi, da silifa a ƙafa ɗaya. Aka ce ta tsallake ni sau uku ta sake ni. Ta dubi Umma ta daɗe, ta dube ni, ba ta yi musu ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta tattare zanenta ta tsallake ni, ɗaya, biyu, uku, sannan ta fita. Washegari maganin asibiti ya yi aikinsa, zazzaɓi ya sauka, matan suka ce to ga shi nan. Labari ya zaga, mutane biyu suka kwashe kayansu daga hannunta suka kai wa wani.

Ni dai raina bai kwanta ba, kuma kalma ɗaya ce ta hana shi kwanciya. Muryar nan cewa take "zo ki ci." Mma Hawa kuwa tun da na san ta ba ta taɓa ce mini "ki" ba, ko da wasa. Na faɗa wa Umma, ta ce in rufe mata baki, su irin waɗannan ai rikiɗa suke yi. Sai na ɗauki aikin da kaina. Tunda an hana ni fita, kullum in rana ta kusa takewa sai in ɗora kwali a bakin taga in durƙusa a kai, in saka kaina cikin kejin ƙarfen in kalli sama. A nan na fara sanin cewa garin da nake ɗauka na siminti da motoci ne kawai yana da tsuntsaye. Akwai 'yan ƙanana masu kama da gwara da ke zuwa a garke, akwai wani mai farin ƙeya da ba ya rabo da bishiyar bakin ƙofa, akwai baƙi da fari mai ɗaga wutsiya. Kowanne na zarge shi. Ina bin bakinsu da ido kamar yadda Umma take bin mai awo a kasuwa, kwana biyar ban ga komai ba sai ciwon wuya.

A rana ta shida wani baƙin tsuntsu ya sauka a gorar shanyar Mma. Bai kai tattabara ba, yana da ɗan tukku a gindin baki kamar gashin da aka taje baibai, idonsa ja-ja, ƙafafunsa rawaya, kuma da ya buɗe fiffike sai na ga farin tabo a kowane gefe. Ya tsinci shinkafar da Mma take zubarwa a bakin tagarta, ya goge baki a gora, ya kumbura wuya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Habiba, zo ki ci abinci." Na zana shi a bayan wata takardar kaya, na saci hanya na kai wa tsohon da ke gadin gidan, wani Basine mai rataye kejin tsuntsaye a bishiya. Yana gani ya yi dariya ya ce "bage", wato sunan tsuntsun a yarensu, ya nuna bakinsa ya nuna kunnensa, ya kwatanta mini da hannu cewa na wani ne ya tsere daga keji, kuma duk abin da ya ji kullum sai ya ɗauka.

Na roƙi Baba ya zauna a gida ranar Asabar har azahar. Mu uku muka tsaya a taga, tsuntsun ya zo, ya ci, ya yi kiransa. Baba ya juya ya dubi Umma ya ce, "Ai muryarki ce." Ta ce Allah ya kiyaye, muryarta ba haka take ba. Ni ma sai a lokacin na ji ta sarai, har da 'yar jan da take yi wa ƙarshen sunana in ta gaji da jira. Duk kwanakin nan ban gane ba saboda mai muryar tana tsaye kusa da ni. Umma ta zauna a kan kwali ta rufe fuskarta da mayafi.

Da yamma ta dafa tuwo da miyar kuka, daga 'yar kukar da take tattali tun Kano, ta ɗauka da kanta muka hau. Ta durƙusa ta nemi gafara tana kuka. Mma Hawa ta karɓi kwanon ta ce, "Ba komai, 'yata, Allah ya yafe mu duka." Umma ta bi matan nan gida-gida ta warware zancen, amma magana zarar bunu ce. Mma ba ta sake buga mana silin ba. In mun haɗu a bene tana amsa gaisuwata da fara'a, sai dai hannunta ba ya zuwa kaina, tana mayar da shi cikin zane. Kafin shekara ta ƙare ta koma Kumasi.

Yanzu ina Kano da nawa 'ya'yan, kuma ina da madubin hangen nesa da nake fita da shi bayan gari in duba tsuntsaye, mutane suna kallona suna tambayar juna ko lafiya. Umma ta tsufa. In aka kunna mata saƙon muryar da ta tura a waya har yau cewa take ba tata ba ce, mu yi dariya, ita kuma ta kalli ƙasa. Na tambayi 'yan Ghana da dama labarin Mma Hawa, ban sami wanda ya san inda take ba. An kira ni da sunaye iri-iri tun daga lokacin, amarya, Malama, Maman wane, amma ba wanda ya sake ce mini "zo ka ci."