Ranar da Madam Rifkatu ta zo da wayarta

Har yau ban manta safiyar da Madam Rifkatu ta shigo ofishinmu a Garki ba. Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen kwamfuta na wata hukuma, ba a daɗe da miƙa mini shafin intanet na karɓar koke ba. A nan ma'aikata ke kai ƙarar manyansu a asirce.

Ita ma'aikaciya ce a reshenmu na Bwari. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ajiye wayarta a gabana. Ogan da ta kai ƙara ne ya turo mata kokenta, kalma da kalma, har da sunanta. A ƙasa ya rubuta: "Mu haɗu Litinin."

"Ɗana, ba ku kuka ce babu wanda zai gani ba?"

Na buɗe tarihin shigar shafin, sai ga shi ƙiri-ƙiri. A akwatin duba lambar koke, wani ya rubuta umarni maimakon lamba. Shafin ya miƙa wa rumbun bayanai kamar yadda aka rubuta, rumbun kuma ya yi biyayya, ya zazzage masa komai. Innalillahi! Wannan ai tun a makaranta ake koya mana toshe shi.

Na ruga wajen Darakta. Ya cire tabarau ya ce, "Kai, ai akwai kariya. Ranar ƙaddamarwa muka kashe ta, kada ta hana babban baƙo shiga mu ji kunya."

"Ranka ya daɗe, an mayar?"

Ashe ba a mayar ba. An yanka kirtani, an ci shinkafa, ɗan kwangilar da ya gina shafin ya kama gabansa.

A ranar na rufe shafin. Muka sake rubuta shi ta yadda duk abin da baƙo ya shigar, rumbun zai ɗauke shi a matsayin bayani kawai, ba umarni ba. Muka kuma rage abin da shafin ke da ikon karantawa. Aikin bai kai mako ba.

Ita kuwa Madam Rifkatu, an yi mata canjin wurin aiki zuwa nesa da 'ya'yanta. Ranar da ta zo sallama na ce mata an gyara.

Ta ce, "To, Allah ya amfanar da na baya."

Shi ya sa nake takura muku, ku sababbin ma'aikatan sashen nan, a kan kowane akwatin shafi kafin a kira baƙi ƙaddamarwa. Akwai wadda ta yarda da mu ta rubuta sunanta a ciki.