Tsutsar Kaka da Saifar da Na Ƙi Ci

Gidanmu na Ƙofar Kware gidan mahauta ne, kuma duk wanda ya ce ƙamshin nama ake sha a irin gidan nan bai taɓa kwana ciki ba. Abin da ya kwanta a kasuwa shi ke dawo mana: tumbi, huhu, hanji, saifa. Bayan magariba Kaka, mahaifiyar babanmu, takan zauna gaban murhu tana tatse kashin hanji da yatsu biyu, mu jikoki mun kewaye ta muna jiran tatsuniya. Tir!

Shekarata tara lokacin, kuma na rantse ba na cin komai daga ƙwaryar kayan cikin nan. Abin da nake ci a ɓoye ƙasar katangar bayan ɗaki ce, in ɓanɓaro in tsotse. Na yi fari fat, guga ɗaya zan ja a rijiya in hau haki. Innarmu ta ce iskokai ne suka taɓa ni, aka yi ta turara ni da hayaƙi, ni kuwa sai ƙara lalacewa nake.

Ran nan Kaka ta fizgo ni da hannun nan nata mai maiƙo, ta gwale min ido, ta leƙa bakina. Jar ƙasa ce maƙale a haƙorana.

"Mi kinka ci, ɗiyag ga?"

Ta sake ni, ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga wata nan ta taho, wa ka tarbe ta?" Muka ce ta iso mu ji.

Wai wata Tsutsa ce a rami, ba ta da kowa sai Kai da Ciki. Kai ke shinshina iska, Ciki ke riƙe da rumbun jan abin nan da ke rina jini, kuma da jijiya guda suke aika wa juna saƙo. Tsutsa ta raina abinci, sai laka take ɗura. Rannan ruwa ya cika ramin, iska ta yi ƙaranci. Kai ya aika, "Buɗe rumbu, numfashi na gagara!" Ciki ya amsa, "Rumbun wohi ne, laka ɗai anka ba ni." Tsutsa ta rarrafo waje fara sol tana haki, kaza ta taka ta, ta fashe, laka ta tsiyayo.

"Ta ƙare nan," in ji Kaka, idonta a kaina. Ta ciro saifa daga garwashi, baƙa, jini na tsattsafowa. "Haɗe."

Yankan farko da na haɗiye ya dawo a kan zanena. Ta yanko na biyu. Ina kuka, ina tsine mata a zuci, na haɗiye. Washegari ta tasa Baba gaba sai da ya kai ni asibiti, aka ce jinina ya yi ƙasa sosai, aka ba ni ƙwayoyi da maganin tsutsar ciki. Abin da ya fito daga jikina bayan nan ba zan kwatanta ba. Yana motsi dai.

Bara ƙanwata Nafisa, da ke karatun kimiyya a jami'a, ta nuna min bidiyon wasu mitsi-mitsin tsutsotsi a waya, ana hango hanjinsu ta cikin fata. Na ture wayar. Ta ce masu bincike sun ga jijiyoyin tsutsar na jin yawan iskar da ke kewaye da ita, suna aika wa hanji saƙo kan yadda zai adana sinadarin ƙarfe, wanda a jikinmu shi ke taimakon jini ɗaukar iska. Tsohuwar da ko baƙi ba ta sani ba, a ƙwaryar hanji ta karanci nata. Na daɗe ina ɗauka mugunta ta yi min, ashe numfashina take ceto.

Makon jiya, a gidana na unguwar Minanata, na kama 'yata Ummi tana kankarar bango da farce tana lasa. Na gwale mata ido, fari. Daga asibiti muka biya ta wurin mahauta. Shekara ashirin da biyar rabona da taɓa saifa, na toshe hanci da mayafi na gasa ta.

"Mama, wari take yi," in ji Ummi.

"Na sani," na ce. "Buɗe bakin."