Shirun Yaya Asabe

Wata Laraba ce a kakar shekarar da na shiga aji uku, shinkafarmu ta fadamar bayan Auyo ta sunkuyar da kai, Baba ya ɗora mu a kan rumfar gadi, ni da yayata Asabe, mu kori tsuntsayen jan-baki. An ja igiya ta zagaye gonar, an rataya mata gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ana fizga sai ƙara ta tashi ko'ina. Yaya Asabe ce da igiya, ni ce da ihu, don Allah ya hore mini maƙogwaro. Tana cikin ba ni labarin wata malamarsu sai ta tsaya cak a tsakiyar magana. Idonta a buɗe, amma ba ni take kallo ba. Leɓenta na motsi kamar mai tauna, yatsunta na tsinkar bakin zaninta, igiyar ta suɓuce. Tsuntsaye suka rufe gonar. Na girgiza ta, na kira sunanta, shiru. Can ta ƙifta ido, ta ci gaba da labarinta, har tana tambayata me ya sa nake haki.

Ranar Baba ya zane ta, ya ce wasa ta tsaya yi. Daga nan na ɗaura ɗamarar rufa mata asiri. In abin ya zo mata a rumfa, in karɓe igiyar. In a gindin murhu ne, in janye ta daga wuta in ci gaba da iza kara. In a wasan carafke ne, in ce hannunta ne ya gaji. Har wani jin kai nake, wai ni mai wayo. A makaranta yara suka laƙaba mata Ta-tafi-Kano, tana dawowa hayyacinta su miƙa hannu wai ta ba su tsaraba. Tun tana dariya har ta daina fita tara, sai ta zauna a aji ita kaɗai. Inna kan ce, "Zurfin tunani ne da ita, irin na kakarta." Da wata maƙwabciya ta ambaci farfaɗiya, Baba ya haɗe rai ya ce, "Kin taɓa ganin ta faɗi tana kumfa? To, kar in ƙara ji." Ni kaɗai na san abin ya kai sau biyar, sau shida a wuni. Ban faɗa ba, don tsoro nake kar a ware mata kwano da moɗa, kamar yadda aka yi wa wani dattijo a unguwarmu.

Damina ta biyu bayan haka, ruwa ya cika fadama, Inna ta aike ta wanke-wanke bakin kogi da hantsi, ni kuma aka tura ni niƙa. Inda aka sami gawarta, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Kwanukan na kife a gefe, ta wanke rabi.

Kakar nan ni kaɗai na hau rumfa. Ina fizgar igiya ina kuka, muryar ihun ma ta ƙi fita. Ba wanda ya zarge ni, don ba wanda ya san abin da na sani, wannan kuwa ya fi komai yi mini ciwo.

Yanzu a Haɗeja nake aure. Wata safiya 'yata Hauwa, tana 'yar shekara bakwai, ta tsaya cak da ludayin koko a hannu. Ban jira babanta ya dawo ba, na tari ɗan acaɓa sai asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce wani nau'in farfaɗiya ne da ba lallai ya kayar da mutum ba, ba a ɗaukarsa a kwano ko a yawu, kuma magani na danne shi. Ya tambaya ko an taɓa yin mai irinsa a danginmu. Ranar na fara faɗin maganar da bakina, a gaban baƙo, ina share hawaye da gefen mayafi.

Asibitin nan yana nan tun muna yara, Baba ta ƙofarsa yake wucewa duk ranar kasuwa. Hauwa tana shan maganinta, tana zuwa makaranta, tana ishe ni da surutu. Bana ta cika sha huɗu. Yaya Asabe ba ta kai ba.